Alhakin Tsohon Zakara

Ranar da aka yanka Bale, Mero tana kasuwar Bodija tana cinikin dusa da masara. Da tana gida, sai dai a fara ta wuyanta.

Bale tsohon zakara ne, ja, mai shekara huɗu da ido ɗaya. Sunan da Yarabawa ke kiran mai unguwa ta laƙaba masa, don aikin da yake yi ke nan. Shekara ashirin da biyu Mero ta yi tana kiwon zakaru a ƙuryar gidan ubanta a Sabo, tun da mijinta ya rasu ta kwaso kayanta ta dawo. Takan sayi 'yan tsaki maza, irin waɗanda masu ƙyanƙyasa ke rabuwa da su da araha tunda ba ƙwai za su yi ba, ta raine su wata biyar zuwa shida, masu suna da masu biki su zo su ɗiba. Wanda bai taɓa yi ba zai ce ai abinci ne da ruwa kawai. Ƙarya yake. Da sun haura wata uku, zanko ya yi ja, murya ta fara fashewa, kowane ɗan iska a cikinsu gani yake shi ne sarki. In ba babba a kansu, kafin su yi nama sun cinye juna. Shi kuwa Bale ba ya kokawa da yara. In biyu suka baza gashin wuya suka fuskanci juna, sai ya tako a hankali ya shiga tsakani, ya kai wa wanda ya fi rashin kunya sara guda a ƙeya, ya koma inuwarsa. Garke shida ya raina mata haka, ba ta taɓa tsintar gawa a keji ba.

Da la'asar ta dawo. A zaure ta tarar da yayanta Alhaji Manniru, maigidan, wanda fataken goro ke sauka wurinsa tun zamanin ubansu. Shi da baƙi uku daga Gusau sun sa kwano a tsakiya suna fama da nama. Ɗaya ya kama cinya da hannu biyu yana ja da haƙori kamar baduku da fata. Ta gaishe su ta wuce.

Tun daga tsakar gida ta ji hayaniyar da ba ta saba ji ba. Zakarunta arba'in sun haukace. Gashi na tashi, garin katakon da ta shimfiɗa musu ya yi ɗigo-ɗigon ja. A tsakiya ga wani farin zakara wanda ba nata ba, kwance, an fasa masa kai, biyar na kansa suna ta sara. Ta dubi tsohuwar tayar mota da Bale ke tsayawa a kai. Wayam.

Saudat, surukar gidan, tana shanya a igiya, ta kasa haɗa ido da ita.

"Saudat, ina Bale?"

"Sannu da hanya, Gwaggo. Bari in kawo miki ruwa."

"Ban tambaye ki ruwa ba."

"Oga ne," in ji Saudat. Haka take kiran mijinta Zainulabidin, ɗan Alhaji na fari. "Baƙi suka sauka, Baba ya ce a yi musu yanka."

Sai ga shi ya fito yana latsa waya. Zainu ya yi difloma a kan noma da kiwo, ya gina doguwar rumfar raga a ɗaya ƙarshen gidan ya zuba zakaru ɗari da hamsin, kiwonsa na farko ke nan, amma yadda yake tafiya sai ka ce shi ya koya wa kaza ƙwai.

"Gwaggo, kada ki damu, na riga na mayar miki," ya ce. "Nawa jiya aka ba su magani, takarda ta ce kada a ci sai bayan kwana bakwai, shi ya sa na taɓa naki. Kuma sai da na duba na zaɓi marar amfani. Wannan tsohon ci kawai yake, ba ya ƙara ko giram ɗaya. Na saka miki matashi mai kilo biyu da rabi. Ke kika ci riba ma sef."

"Ga ribar can kwance. Shiga ka ɗauko ta."

Ya leƙa, ya ja baya. "Wane irin kaji ne waɗannan?"

"Irin waɗanda ubanka ke shan romonsu tun kana yawo ba wando. Wa ya gaya maka ana jefa baƙo cikin samarin zakaru? Ka ɗauke mai tsawatar musu, ka jefa musu abin duka, yanzu sun ga jini. Ka san abin da zakara yake yi in ya ga jini?"

"Sori, Gwaggo. Ni alheri na nufa."

"In wannan ne alherinka, Allah ya raba ni da sharrinka."

Ba ta da lokacin zagi, ta ɗaura zani ta shiga. Ta fitar da masu rauni ta sa kowanne ƙarƙashin kwando. Ta dama shuni ta shafe duk inda ya yi ja, don ja ke kiran baki. Ta zuba ɗan gishiri a ruwan sha, ta rataya damin alayyahu su sami abin tsaga maimakon 'yan'uwansu, ta lulluɓe ragar da buhunan algarara wurin ya yi duhu. Duk da haka sai da suka yi kwana uku suna neman wanda zai hau tayar. Da ƙura ta lafa, goma sha ɗaya sun tafi. Wasu ta samu an yanka kafin rai ya fita, wasu mushe.

Da abin ya tsaya nan, da ta haɗiye. Mero ta binne miji da 'ya'ya biyu, zakara ba zai kashe ta ba.

A rana ta uku da hantsi ta fito ƙofar gida da bokiti, mushe uku a ciki, za ta kai juji. A dakalin ƙofar nan mata ke taruwa, masu sayen koko da masu jiran ruwan famfo, Hausawa da Yarabawa. Sai ga Ramlat mai girkin biki, wadda ta fi kowa sayen zakarun Mero, kuma duk matar da za ta yi suna daga Sabo har Mokola ita take tambaya inda za a samu kaji. Ta zo ɗaukar sha biyu. Ta leƙa bokiti.

"Iya Mero, me ya same su haka?"

Kafin Mero ta buɗe baki, Zainu da ke goge babur ɗinsa a gefe ya riga ta. Tsoro ne ya kama shi kada a ce mai difloma ya yi wauta a gaban mata, ko kuwa dama haka zuciyarsa take, Allah ya sani.

"Cuta ce," ya ce. "Cunkoso da ƙazanta ke kawo ta. Na sha gaya mata kiwon da ba na yanzu ba ne, ba ta ji. Ni dai ina jin tsoron kada ta tsallako wa nawa."

Bai tsaya nan ba, ya juya ya maimaita da Yarabanci don waɗanda ba su ji ba, har da nuna bokitin da tsumman hannunsa. Ramlat ta ja da baya taku biyu, ta ce ta tuna ta bar tukunya a wuta. Kafin azahar magana ta gama Sabo: kajin Mero annoba ta shiga. Matar da ta yi alkawarin biyar ta aiko a ce an ɗage sunan, alhali kowa ya ji kiɗan ranar.

Washegari Mero ta sami Alhaji Manniru a zaure yana duba huhun goro.

"Yaya, ƙara na kawo."

"To, Allah ya sa ba ta zakara ba ce. Har yanzu muƙamuƙina ciwo yake."

"Ɗanka ya yanka mini Bale ba izini, ya kashe mini sha ɗaya, sannan ya tsaya a ƙofar gidan ubanmu ya ce ni ƙazama ce mai kajin cuta."

"Haba Mero. Sabo da kaza ai ba ya hana yanka. Faɗi abin da suka kama in ba ki, a wuce wurin."

"Na ce maka roƙo na zo? Riƙe abinka. Inda ya tsaya ya faɗa, nan zai tsaya ya ce ƙarya ya yi. Gaban matan nan, da bakinsa."

Alhaji ya mayar da ganye kan goro ya danna. "Yaron nan magidanci ne, ya yi karatu, mutane na zuwa neman shawararsa. In tsayar da shi a titi ya tozarta kansa a kan kaza? Ki yi haƙuri. Magana ce, kwana biyu an manta."

"Ni ba magidanciya ba ce ke nan. Shekara ashirin da biyu ba karatu ba ne."

"Ban ce ba."

"Ka ce. Na ji kuma."

Ta tashi ba sallama. A tsakar gida ta tsaya ta daɗe tana kallon rumfar Zainu. Zakaru ɗari da hamsin, farare da wake-wake, duk sa'o'in juna, wata biyar cif, ya tanade su don Kirsimeti lokacin da Yarabawa ke rububin zakara. Ya jera musu ƙwayayen fitila masu aiki da hasken rana, dare da rana a kunne, wai don su yi ta ci. Sun cika wurin har ba inda za ka sa ƙafa, kuma ba babba ko ɗaya a cikinsu. Mero ta san abu ɗaya tak ya riƙe su zaune lafiya: tun da suka fito daga ƙwai ba su taɓa ganin mace ba.

Rama cuta ga macuci ibada ne, haka uwarta ke cewa.

Da safe ta hau mota zuwa kasuwar Shasha. Ta zaga masu kaji sau biyu, ana ta miƙo mata masu ƙiba tana turewa. Ba nama take nema ba. A ƙarshe ta sami wata budurwar kaza, baƙa mai sheƙi, fuska ta yi ja alamar ta kusa fara ƙwai, bakinta ba ya rufuwa. Mai kajin ya ce, "Iya, wannan surutunta zai hana ki sakat." Mero ta ce ita take so.

Bayan rumfar Zainu akwai katangar makewayi, tsayinta daidai da ragar, tsakaninsu bai fi kamu uku ba. Da rana tsaka, kowa ya shige ɗaki saboda zafi, Mero ta mirgino tsohon turmi ta kife, ta hau da gwiwoyinta masu ciwo. Ta ɗora kwando mai manyan idanu a kan katangar, ƙarƙashin leɓen kwanon rufi inda rana da ruwa ba za su taɓa ba, ta ɗaure shi da waya, ta sa gwangwanin ruwa da tsaki, ta saka kazar. Nata kejin yana can nesa, a lulluɓe. Ba ta taɓa ƙofar Zainu ba, ba ta zuba komai a ruwan kajinsa ba.

Kazar ta gyara fiffike, ta leƙa ƙasa, ta yi kyarkyara.

Rumfar ta yi tsit kamar an ɗauke wuta. Kawuna ɗari da hamsin suka juya gefe guda. Can wani ya miƙe wuya ya yi cara, na kusa da shi ya kai masa sara a ido.

Mero ta sauko, ta mayar da turmi inda yake, ta ɗauko 'yar kujerarta da tiren agushi ta zauna ƙofar ɗakinta tana ɓara.

Kwana na farko mushe biyu aka fitar. Na biyu, huɗu. Duk wanda ya samu wurin tsayawa jikin ragar bayan, sauran sai sun sauke shi. Zainu ya hau babur ya tafi Mokola ya dawo da leda cike da magunguna. Ya zuba bitamin, ya fesa maganin ƙwari, ya canza abinci zuwa mai tsada. Ya ƙara ƙwan fitila biyu wai don ya riƙa ganin masu faɗan da kyau, abin da ya sa su ma suka ƙara ganin juna da kyau. Ya ɗauki hoton gawarwaki ya tura wa abokan karatunsa, kowa ya aiko da sunan cuta daban. Ya duba kashinsu, ya duba maƙogwaronsu, ya duba takardun buhu. Bai ɗaga kai ya dubi inda zakarun ke duba ba. Kyarkyarar kaza kuwa a Sabo wa zai kula da ita, kowane gida da tasa.

A rana ta uku ya wuce ta gabanta da bokiti.

"Ina kwana, Gwaggo."

"Lafiya lau, likita. Yaya masu jiki? Cunkoso ne ko ƙazanta?"

Ya yi kamar bai ji ba.

"Ka rufe bokitin dai," ta ce da bayansa. "Akwai mata a ƙofa. Mutanen yanzu ba su da kirki, sai wani ya ce cuta ce."

Kullum da rana tsaka takan hau turmi ta canza wa kazar ruwa ta ƙara mata tsaki. A rana ta biyar lissafin ya kai sha ɗaya ya wuce. Mero ta sani sarai, don tana ƙirga bokitai. Ba daɗi take ji ba kamar yadda ta zata. Kunnen da ya shekara ashirin da biyu yana sauraron zakaru ba ya iya toshewa: ta san kukan wanda aka tare a lungu, ta san shirun da ke biyo baya. Da yamma wani wake-wake ya kutso ta ƙasan raga, ƙeyarsa a buɗe, yana tangaɗi, ya zo ya lafe jikin ƙafarta. Kafin ta ankara ta ɗauke shi ta wanke ciwon ta shafa masa shuni, tana zaginsa tana zagin mai shi. Ta sa shi ƙarƙashin kwando, ta dubi turmin, ta ce a ranta gobe za ta sauke kazar. Sha ɗayanta ta rama, har da ƙari.

Amma da magariba sai ga kwanonta ya dawo daga gidan maƙwabta. Ranar ta yanka ɗaya daga cikin lafiyayyun zakarunta ta yi miya, ta aika wa maƙwabciyarta da ta haihu, kamar yadda ta saba yi wa duk mai jego a layin. Kwanon ya dawo yadda ya tafi, ko murfin ba a ɗaga ba, da saƙon an gode, mai jego ba ta cin kaza yanzu.

Mero ta zauna ta cinye naman nan ita kaɗai, har ƙashi. Da gari ya waye ta hau turmi ta ƙara wa kazar tsaki da hannu biyu.

A rana ta shida Saudat ta shigo ɗakinta ta durƙusa.

"Gwaggo, e jo, don Allah ki zo ki duba. Oga ko abinci ba ya ci. Yau yana maganar zai ƙona musu baki da ƙarfe, wani ya ce masa haka ake yi."

"A wata biyar? Ya ƙona. Waɗanda faɗa bai kashe ba yunwa ta ƙarasa su."

"To ki gaya masa mana. Ke kin san abin nan."

"Ni? Jahila mai kiwon da? Tashi, 'yar nan, ba ke kika yi mini ba. Wanda ya yi, ƙafarsa ba ta karye ba."

Sai da aka fitar da na ashirin da uku sannan ya zo. Ya tsaya bakin ƙofa, ido ya faɗa, rigarsa duk jini da kashin kaji.

"Gwaggo, in akwai abin da kika sani, ki taimake ni. Duk abin da nake da shi yana cikin rumfar nan."

"Na sani. Yau ɗin nan zan iya tsayar da shi."

"To don Allah."

"Gobe da hantsi, a dakali. Ka aika a kira Ramlat. Ubanka ya fito ya zauna. Ka faɗi abin da ya kashe mini zakaru."

"Gwaggo, a nan ma ai zan iya ba ki haƙuri. Ga ni, na durƙusa."

"Tashi kada ka ɓata mini tabarma. A ɗaki ka zage ni?"

Ya tsaya yana murza waya a hannu. Daga can rumfar aka ji wani ya ƙwalla irin kukan nan. Ya rufe ido.

"Zuwa gobe wasu za su mutu."

"Za su mutu," in ji Mero.

Da hantsi dakali ya cika fiye da kullum, don Saudat da kanta ta bi gida-gida. Ramlat ta zo cikin leshi ruwan goro da ɗaurin kai kamar rumfa, daga nan wurin biki za ta wuce. Alhaji Manniru ya fito da carbi ya zauna kan kujera, fuska a murtuke. Mero ta tsaya jikin ƙofa ta harɗe hannu.

Zainu ya yi gyaran murya, yana kallon ƙasa. "Wato, kwanakin baya an samu ɗan rashin fahimta game da kajin Gwaggo."

"Ba a samu ba," in ji Mero. "Kai ka yi. Ɗaga murya, ranar ai ba raɗa ka yi ba."

Ya ɗaga murya. "Kajin Gwaggo ba su da cuta. Ba su taɓa yi ba. Ni na yanka tsohon zakaran da ke hana su faɗa, ban tambaye ta ba, na jefa musu baƙo suka kashe shi, suka koma kan juna. Da na ce cuta ce, ƙarya na yi don kada a ga laifina."

"Ƙazantar fa?"

"Ita ma ƙarya ce."

"Saura Yarabanci. Da baki biyu ka ɓata ni."

Ya maimaita da Yarabanci, kalma bayan kalma. Mero ba ta iya mayarwa sosai amma tana ji tsaf, da ya tsallake wurin ƙarya sai da ta mayar da shi. Wata tsohuwa mai sayar da koko ta tafa hannu ta riƙe haɓa. Ramlat ta sunkuyar da kai tana gyara zobe.

"To, an gama ko?" in ji Alhaji. "Je ki duba masa kajin."

"Saura kaɗan. Zainu, zagaya bayan rumfarka. Kan katangar makewayi akwai kwando. Sauko da shi ka kawo nan."

Ya tafi ya dawo rungume da kwando, baƙar kaza a ciki tana ta kyarkyara, har da ƙwai biyu a gefenta. Ya dube ta, ya dubi Mero. A fuskarsa aka ga lokacin da ya gane.

"Ga cutar," in ji Mero, ta juya ga matan. "Ni na ɗora ta, kwana bakwai ke nan, kada wani ya ce an ji a bakin wani. Samarin zakaru ɗari da hamsin a matse, fitila a kansu dare da rana, ka nuna musu mace guda. Ya ce ban san kiwo ba. To ban taɓa masa ƙofa ba, ban sa magani ba, ban je wurin boka ba. Kaza ɗaya na saya a Shasha."

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka yi salati. Zainu ya ajiye kwandon a hankali. Alhaji Manniru ya miƙe, carbi na lilo.

"Ashirin da biyar har da na safiyar yau, Mero. Bayin Allah marasa baki. Su me suka yi miki?"

Tambayar ta same ta inda take da ciwo.

"Ba su yi mini komai ba," ta ce. "Alhakinsu yana wuyana, na sani, da shi zan tsaya gaban Allah, ba sai ka tuna mini ba. Amma na kawo maka ƙara tun ba a fitar da ko ɗaya ba, ka yi mini karin magana. Ka ɗebi naka kason, Yaya."

Alhaji ya shige zaure ya turo ƙofa.

Ta juyo kan Zainu. "Kashe fitilun nan duka. Karɓo buhunan goro wurin ubanka ka rufe ragar, ka bar sama iska ta shiga. Duk mai jini a jiki fitar da shi, akwai shuni a tagata. Ka raba su gida biyu, wurin ya yi musu kaɗan. Zuwa jibi za su kwanta. Ƙarfen nan kuma in ka kai shi bakin ko ɗaya, ni da kai ne."

Ya juya zai shiga, ya tsaya. "Gwaggo, da kin gaya mini tun ranar farko."

"Da ka tambaya."

Ya shige. Ta san daga yau gaisuwarsa ta zama ta dole, ta kuma san Alhaji zai yi wata bai aiko mata da goron Juma'a ba. Ta auna, ta ga za ta iya.

Mata suka fara watsewa, kowa na sauri ta kai labari. Ramlat ce ta matso tana murmushi.

"Iya Mero, ni dama raina bai yarda ba. Asabar ina da biki a Mokola, goma nake so, manya."

"Suna nan."

"To a kamo mini, sauri nake."

"Wa zai kamo? Ke kika kai labarin kejina gidajen da ni ban taɓa shiga ba. Yau za ki shiga ki gani da idonki, ki fito ki faɗi abin da kika gani. Kama da hannunki."

Ramlat ta dubi leshinta, ta dubi takalminta mai tsini, ta dubi matan da suka fasa tafiya suka dawo suna jira. Babu inda za ta sami zakaru goma irin na Mero kafin Asabar, kuma dukansu sun san haka. Ta tuɓe takalmin, ta tattare zani zuwa gwiwa, aka rako ta har ƙuryar gida. Mero ta ɗage buhu ta buɗe mata ƙofa, ta mayar ta rufe a bayanta.

Zakaru suka watse kowane lungu. Ramlat ta kai wawura ta kamo iska, ɗaurin kai ya tafi gefe. Mero ta jawo kujerarta ta zauna bakin raga. Ba ta gaya mata ta ƙafa ake kamawa ba.